Kakar Inabi a Tudun Aleya

Shekaru da yawa ke nan ina karɓar kaya a kasuwar Aziziya ta Riyad, amma har yau ban yarda da abin da ake rubutawa a jikin kwali ba. Barrada za ta tsaya, wato babbar motar sanyi, a buɗe ƙofarta, ma'aikata su hau jido, ni kuwa sai na zura hannu ƙasan kwali na uku ko na huɗu, na tsinko ƙwayar inabi na latsa kafin in ce a shiga da shi. Kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, yakan yi dariya ya ce wa baƙi, wannan tsohon ko uwarsa ce ta aiko masa da kaya sai ya bincika. Ba na musa masa. Inabin yanzu duk kamarsu ɗaya, manya, masu sheƙi, babu ƙwallo a ciki, babu ƙura a jiki, sai ka ce inji ne ya zubo su. Za ka ci kwali guda ba ka san ko a tudu aka noma shi ko a kwari ba. Wanda na sani da ƙuruciya ba haka yake ba. Ƙanana ne, fatarsu da kauri, in ka tauna sai ka ji gishirin iska a bayan zaƙin.

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a gidanmu na Ulaisha, autata Hadiza tana latse-latsen waya. A nan Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta nisa. Ta ce wai babu inda ba a iya gani daga sama yanzu, in faɗi kowane gari ta nuna mini. Ban san abin da ya sa ban ce ƙauyenmu na Damagaram ba. Na ce ta nemo Aleya, arewa da Barselona kaɗan, a ƙasar Kataloniya. Ta daɗe tana gyara rubutun, sannan ta miƙo. “Shuf, Baba. Hina?” Wato in duba, ko nan ne. Na gane bakin tekun, na gane hanyar jirgin ƙasa da ke binsa, na gane busasshiyar ƙoramar da ke ratsa garin. Na bi ta da yatsa na hau tudu. Akwai sauran gonakin inabi can sama, layi-layi, amma inda nake nema jajayen rufin gidaje ne, kowanne da ɗan tafkin wanka shuɗi a bayansa. Na ce mata wayar ƙarya take yi. Ta ce waya ba ta ƙarya. Na mayar mata da wayarta.

Da sanyi na isa wurin, bayan doguwar tafiya ta Aljeriya da Maroko wadda ba ita zan ba da labari ba. Saurayi ne ni, ƙafata a kumbure, ba takarda, ba harshe. An samo mini aiki a garken aladu na ƙi, an samo mini wanke kofuna a mashaya na ƙi, domin ranar da zan bar gida mahaifina bai yi mini dogon wa'azi ba, cewa kawai ya yi, “Duk inda ka je, ka san abin da hannunka yake yi.” Wani Bagambiye mai suna Lamin, wanda ya girme ni kuma ya daɗe a ƙasar, shi ya tsince ni a tasha ya kai ni ɗakinsa. Kashegari ya hau da ni tudu wurin tsohon da yake wa aiki. Kowa Abi yake ce wa tsohon, wato kaka a bakinsu, matarsa kuma Yaya, shi ma kaka. Sunan nata ya zo mini da sauƙi, don kamar ina kiran babbar 'yar'uwata ce. Na dubi gonar, babu ganye ko ɗaya, sai kututture baƙaƙe a jere kamar an dasa hannuwan tsofaffi. Na tambayi Lamin da guntun Faransancin da muke haɗuwa a kai, me ake nomawa a nan? Ya juya ya tambayi Abi. Tsohon ya dafa wani kututture ya ce, “Pansa. Pansa blanka.” Na ce mene ne pansa? Lamin ya ce, “Zabibi.” Na ce alhamdulillahi, na karɓi almakashi.

In na rufe ido yanzu, sautin almakashin nan nake fara ji, ƙas, ƙas, daga wannan layi zuwa wancan, da ƙararrawar cocin gari tana hawowa tudu, da kukan jirgin ƙasa can ƙasa a bakin ruwa. Gonar tana fuskantar teku, an yanka ta hawa-hawa don kada ruwa ya tafi da ita. A bayanmu dogon tsauni ne mai itatuwa masu ganye kamar allura, shi ke tare iskar hunturu. Abi ya ce waɗanda ke noma a ɗaya gefen tsaunin sai sun jira mu mun gama kaka kafin nasu ya nuna, don wurinsu ya fi sanyi. Ƙasar kuwa fara ce, rairayi mai tsakuwa-tsakuwa wanda suke kira saulo, dutse ne da ya ruɓe ya zama yashi. Ranar farko da na dumbuza na ji kamar jigawar garinmu, ba ta riƙe ruwa a sama, amma in ka tona kamu biyu sai ka tarar da laima. Da hantsi iska takan taso daga teku ta bi layukan, ta bushe raɓa. Yaya takan hawo da kwando a hannu, burodi da aka goga wa tumatir da man zaitun, ta ajiye nawa daban a cikin tsumma, nesa da namansu. A nan Riyad ina fita daga sanyin na'ura in shiga sanyin na'ura, wata guda sai ya wuce ban taɓa ƙasa da hannuna ba.

Abi mutum ne mai son labari, kuma ko ka ji ko ba ka ji ba sai ya ba ka. A hankali kunnena ya buɗe. Ya nuna mini kumburin da ke gindin kowane itace, ya ce aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro. A zamanin kakansa wani ƙwaro ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin ƙasar kaf, mutane suka watse, waɗanda suka rage suka kawo saiwar Amurka suka aura mata nasu irin. Ya ce, “Ƙafar baƙuwa ce, kan namu ne.” Ya koya mini bambanta ganye: pansa fari, pansa ja-ja, da wani da ake kira garnaca wanda ya fi son rana. Ya nuna mini inda aladun daji ke ɓullowa daga tsauni in inabi ya fara zaƙi. Ya kuma nuna mini, da bakin almakashi, gidajen da ke hawowa daga bakin teku. Ya ce da yana yaro duk wancan inabi ne, mutanen birni suka saye suka gina. Ɗansa ma, da ke aiki a Barselona, kullum yana kawo masa masu saye. Ya ce shekarar da kaka ta lalace, shekarar zai rasa abin da zai ce wa ɗan.

Ban san ranar da shakka ta fara shiga raina ba, amma na san abin da ya tayar da ita. Muna huɗa sai garma ta tono wani guntun kasko ja, wuyan tulu ne siriri da hannu a jiki. Abi ya goge shi da riga kamar ya tsinci zinariya. Ya ce Rumawa ne, tun kafin a haifi Annabi Isa suke noma tudun nan, suna cika irin waɗannan tuluna suna lodawa a jirgin ruwa. Na karɓa na juya shi. Wuyan da ƙyar yatsu uku za su shiga. Na ce a raina, wa ke zuba zabibi a tulu mai wuya haka? Buhu ake sa wa zabibi, ko kwando. Daga ranar idona ya canza. Na fara lura da cewa a duk gidan babu tabarmar shanya ko ɗaya. Na lura da wata ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin gidan wadda ba a taɓa aike ni cikinta ba, kuma in na wuce sai wani tsami ya bugi hancina. Na lura in suna magana da ni Sifaniyanci suke yi, in suna magana a kaina sai su koma nasu harshen. Abi ya taɓa gaya mini cewa da yana makaranta an hana su yin sa, shi ya sa ba ya sakinsa, amma ni a lokacin ba haka na fassara ba.

Na sake tambayar Lamin, muna wanke hannu a bakin famfo. Na ce, “Yaya Lamin, ina ake shanya shi?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ba aikinka ba ne. Kai dai yanka.”

“Tambaya na yi.”

“A gari ake kaiwa. Ka taɓa ganin manomin gyaɗa yana bin ta har inda ake matsewa?”

Ban gamsu ba. Abin da ya ɗaure ni shi ne, a daidai lokacin Abi ya fara nema mini takardar zama. Sau biyu ya sa rigarsa ta zuwa coci ya shiga jirgi da ni har birni, ya tsaya a layi tare da baƙaƙen fata, yana faɗa da ma'aikata a kaina. An ce sai na cika shekara a hannunsa kafin ta fito. Wanda bai taɓa zama a ƙasar mutane ba takarda ba, ba zai san nauyin wannan ba. Ko a nan, ka dubi fuskar wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu in ya hangi motar 'yan sanda. To haka nake tafiya kullum. Sai na riƙa ce wa kaina, mutumin da ya yi maka wannan ba zai cuce ka ba. Can kuma wata zuciyar ta ce, ko don ya ɗaure ka ne?

Da zafi ya yi nisa inabi ya nuna. Abi yakan zaga da sassafe ya tsinki ƙwaya, ya tauna, ya tofar, ya matse wata a kan wani ɗan ƙarfe mai gilashi ya ɗaga wa rana yana leƙe. Ranar da ya ce a fara, dangi da maƙwabta suka cika gonar. Muna yanka da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, muna cika kwanduna, muna juyewa a bayan tarakta. Hannu ya yi danƙo, zuma da rina suna bin mu. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ake juye shi ba tausayi, na ƙasa yana fashewa, ruwa yana ɗiga. Wanda zai shanya kaya ba ya fasa shi. Tarakta za ta gangara cike, ta dawo a wanke, tana wannan tsamin na ƙaramar ƙofa.

A rana ta huɗu, wajen azahar, da Abi ya tayar da tarakta sai na ajiye wuƙata na ɗare baya. Lamin ya kira ni, ban waiwaya ba. Abi ya waigo ya gan ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da tuƙi. Muka gangara ta cikin ƙoramar har gari, muka tsaya a layin taraktoci a gaban wani babban gini mai dogayen ƙofofi. Tun daga layin na san amsar, don hanci ya riga ido. Da aka zo kanmu aka ɗaga bayan motar, inabin da na yi wata takwas ina yi wa aski da noma da gadi ya zube cikin wani rami, wani ƙarfe mai murɗawa ya haɗiye shi. Ta ƙofa na hango gangunan katako jere har rufi, da wani mutum yana ɗaga kofi yana duba launin abin da ke ciki. Na sauka na tsaya a rana. Na dubi tafin hannuna, duk ya yi baƙi da ruwan inabi, na rasa inda zan goge shi.

Da ƙafa na koma tudu. Lamin na fara samu. Na ce, “Ka sani.”

Ya ce, “Na sani.”

“Ka ce mini zabibi.”

“Ka tambaye ni ma'anar pansa, na faɗa maka. Ma'anarsa ke nan. Sunan irin ne.” Ya ajiye kwandonsa. “Ranar da na tsince ka kwana nawa ka yi ba ka ci ba? Ka ƙi aladu, ka ƙi mashaya. In ka ƙi wannan ma, gawarka zan aika wa wa? Ni ina salla kamar yadda kake yi. Itace nake yanka, ba kwalba nake sayarwa ba.”

Na ce, “Da ka bar ni na zaɓa da kaina.”

Ya ɗauki kwandonsa ya koma layinsa. Da Abi ya dawo na tare shi a bakin gona, na harhaɗa kalmomin da nake da su na ce masa ban san giya ake yi da shi ba. Ya dube ni baki buɗe. Ya ce, “Wata takwas? To me ka zaci muna yi a nan? Duk duniya ta san abin da ake yi a Aleya!” Ya kira Yaya, suka yi ta magana da harshensu da sauri, ita tana dafe da ƙirji. Na tsaya ina karanta fuskarsa. Mamakin kamar na gaske. Amma na tuna bai taɓa miƙo mini butar gilashin da suke ɗaga wa baki a lokacin abinci ba, ko sau ɗaya, ruwa yake turo mini. Na tuna ƙaramar ƙofa. Ashe ya san abin da addinina ya hana. To girmama ni yake yi, ko ɓoye mini? Har yau da furfurata ban raba wannan gardama ba. Wata rana in tashi in ce tsohon nan bai san an rufe ni ba, wata rana in ce ya sani sarai, ya ga hannu mai ƙarfi ya yi shiru.

Ya ce in taimaka a gama kakar kawai, kwana goma, ga hadari ana cewa yana tafe. Ya ce takardata saura kaɗan. Ya kama hannuna da nasa biyu, abin da bai taɓa yi ba. Na zare hannuna na ce ba zan iya ba.

Na sauka wajen wani mai noman tumatir a bakin teku, na yi kusan mako uku ina jiran hanyar da za ta kai ni kudu. Ruwan ya zo kamar yadda aka ce, kwana biyu ana yi, ƙoramar ta cika ta kwashe motoci. Daga inda nake ina hango tudun, ina hango layukan sama da ba a kai ga yankewa ba, na kuma san abin da ruwa ke yi wa nunannen inabi. Ban hau ba. In na ce ban ji komai ba na yi ƙarya, amma na riƙa gaya wa kaina cewa su suka fara.

Ranar tafiyata ina tsaye a tasha da 'yar jakata sai ga Yaya, ita kaɗai, tana jan ƙafa, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta miƙo mini wani ƙulli a cikin tsumman da take sa mini burodi. Ta ce, “Pansa,” ta nuna baki, ta shafa kumatuna, ta juya. Jirgi ya tashi, teku na hagu, tudu na dama. Na kwance ƙullin. Zabibi ne, mai launin zuma, da 'yan sandunansa a jiki. Na kai hanci. Ƙamshi mai zaƙi ne, amma can ƙarƙashinsa na ji, ko na zaci na ji, wani abu mai kama da tsamin nan. Na ce wa ya sani ko a giya aka jiƙa shi, ai na ga suna yi wa wasu 'ya'yan itace haka. Na ce mutanen da suka rufe ni wata takwas. Na ƙulle tsumman, na tura shi ƙarƙashin kujera, da muka isa birni na sauka na bar shi.

Shekaru suka tafi. Na koma gida, na yi aure, na zo ƙasar nan, na yi ta canza kafili har na zauna a kasuwa. Shekarar da Allah ya ba ni ikon sauke farali, a Mina, ina layin ruwa wani dattijo mai farin gemu ya riƙe mini hannu ya kira ni da sunan da Abi yake kirana, don bakin Abi bai taɓa iya nawa ba. Lamin ne. Muka rungume juna muka yi kuka, muka yafe wa juna kafin ma a zauna. Ya ce Abi ya rasu, Yaya ta bi shi, ɗan ya sayar da gonar. Na tambaye shi ko kakar waccan shekarar ce ta jawo. Ya ce a'a, sun ƙara shekaru bayanta, amma ya faɗa da sauri, kuma na san Lamin da iya tausasa magana.

Sannan ya yi murmushi ya ce, “Ka tuna zabibin nan?”

Na ce na tuna.

Ya ce, “Ranar da ka sauka, da yamma Yaya ta ɗauki wuƙa ta yanke layin da ke bakin gida, ta hana a kai gari. Ta tafasa ruwan toka ta tsoma shi, yadda uwarta ke yi, ta ce rabonta da yi tun tana budurwa. Ta aro tabarmar kara ta shanya a kan soro. Da ruwan nan ya zo, ita ke hawa ta kwaso, rana ta fito ta mayar, da gwiwoyin nan nata. Abi yana faɗa, ga inabi yana ruɓewa a gona ita tana wasa da layi ɗaya. Ta ce an gaya wa yaron nan zabibi yake nomawa, to sai ya ci zabibin da ya noma.” Ya girgiza kai. “Da ta dawo daga tasha kullum sai ta tambaye ni ko ka aiko, ko ka ce ya yi daɗi. Ni dai na ce mata ka aiko. To yanzu gaya mini, in san ban yi mata ƙarya duka ba. Ya ka ji shi?”

Muna zaune a bakin tanti, kowannenmu cikin harami, alhazai suna wucewa suna talbiya. Na dubi fuskarsa, ya ƙura mini ido yana jira kamar ita ce ta aiko shi.

Na ce, “Da daɗi, Yaya Lamin. Ban taɓa cin irinsa ba.”